Daga kwandon shara zuwa bangon ofis: Yadda guntayen takardar fentin ruwa ke zama zanen ado

Kamar yadda tela ba ya tashi daga kan keke ba tare da ya bar ƙyallaye a ƙasa ba, haka mai zane da fentin ruwa ba ya kammala aiki sai ya tara guntayen takarda. Akwai gefen da ya datse domin zanen ya shiga firem. Akwai 'yar takardar da yake shafa buroshi a kanta ya ga ko launin da ya dama ya yi daidai. Akwai kuma zanen da ya faro da kyau, ruwa ya yi masa yawa a tsakiya ya dagula shi. Yawancin waɗannan a kwandon shara suke kwana, waɗanda suka tsira kuma su yi shekaru a aljihun tebur har gara ta gano su.

Amma waɗanda suka daɗe a wannan sana'a sun san da wuya zane ya lalace baki ɗaya. A jikin takardar da aka fid da rai da ita akan sami wani wuri da bai wuce tafin hannu ba, inda shuɗi ya narke cikin ruwan goro kamar sararin Abuja gab da magariba, ko inda ɗigon ruwa ya buɗe a cikin kore ya yi kama da ganyen da raɓa ta kwana a kai. Idan aka yanko wannan wuri shi kaɗai, aka kewaye shi da farin kwali mai faɗi, aka rufe da gilashi, sai ya zama zane mai cin gashin kansa, wanda za a iya ajiyewa a kan teburin ofis ko a rataye a falo.

Aikin ba ya cin jari mai yawa, kuma ba sai mutum ya yi digiri a fannin zane ba. Abin da yake nema shi ne ido mai iya zaɓe, da hannu mai haƙuri, da sanin abubuwan da ke kashe takarda. A wannan na ukun ne akasarin masu farawa ke tuntuɓe, domin firem ɗin da aka haɗa da ganganci yakan cinye zanen da aka sa shi ya tsare.

Takardar da ba ta yarwa ba ce

Takardar fentin ruwa ta ainihi ta sha bamban da wadda ake zuba wa na'urar buga takardu a ofis. Ta ofis da niƙaƙƙen itace ake yin ta, nauyinta bai cika wuce giram 80 a kowace murabba'in mita ba, kuma da ta sha ruwa sai ta yamutse. Ta masu zane kuwa, mai kyawunta da auduga zalla ake yi. Wadda aka fi amfani da ita tana da nauyin giram 300, kuma akan shafe ta da wani danƙo, galibi wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, domin launi ya zauna a samanta maimakon ya nutse. Wuraren da suka yi suna wajen yin ta sun kwana biyu a duniya: garin Fabriano na Italiya yana yin takarda tun ƙarni na 13, masana'antar Arches ta Faransa kuma ta samo asali tun 1492.

Daga waje ake shigo da irin wannan takarda, da kuɗin waje kuma ake biya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk kayan da ke zuwa ta wannan hanya suka yi tashin gwauron zabo, kayan zane ma ba su tsira ba. Ɗalibin sashen zane a Zariya ko Nsukka ya san haka, uban da ke saya wa 'yarsa kayan fenti daga albashinsa ma ya sani.

Ɗan lissafi zai nuna yawan abin da ake zubarwa. Cikakken falle na wannan takarda yana da tsawon santimita 76 da faɗin 56. Mai son ya fitar da zane mai girman A3, wato santimita 42 da 29.7, biyu kacal zai samu daga falle guda, duk yadda ya juya shi. Abin da ya rage, dogayen guntaye biyu, ya haura kashi 40 cikin 100 na takardar da ya biya kuɗinta. Daga waɗannan guntaye biyu ana iya yanka ƙananan katuna 24 masu girman santimita 6.4 da 8.9.

Wannan awo shi ne girman katin da masu zane ke musaya da juna a ƙasashe da dama, al'adar da wani mai zane, M. Vänçi Stirnemann, ya faro a birnin Zurich na Suwizalan a 1997. Ƙa'idarsu ita ce ba a sayar da katin, sai dai a yi ba ni gishiri in ba ka manda. Al'adar ta nuna wa mutane da yawa cewa takardar da ta fi katin shaida girma kaɗan ta isa ta ɗauki cikakken zane.

Ƙaron da ke riƙe launi

Fentin ruwa abu biyu ne a haɗe: garin launi mai laushi, da ƙaro wanda ke liƙa shi a takarda bayan ruwa ya bushe. Ƙaron nan shi ne dai wanda ake tsinka a jikin itacen dakwara a dazukan Borno da Yobe da Jigawa. Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, Chadi da Najeriya na cikin masu biye mata. Shi ne kuma wanda almajirai ke jefawa a tawada domin rubutu ya kama allo. Akan fitar da shi ɗanye zuwa Turai, wani kaso ya dawo a cikin akwatunan fenti.

Halin ƙaro yana bayyana abu biyu da suka shafi wannan aiki. Na farko shi ne dalilin da ya sa ɓatattun zane suka fi yawa a wannan fanni. Fentin ruwa shara-shara ne, hasken farar takarda ke ratsowa ta cikinsa ya ba shi kyau. Mai zane da fentin mai zai iya rufe kuskurensa da sabon shafi, amma mai fentin ruwa in ya cika gyara sai launin ya koma kamar taɓo, dole ya ajiye takardar ya ɗauki wata.

Na biyu shi ne ƙaro ba ya daina jin ruwa. Ko bayan shekara ɗari, ɗigo ɗaya ya isa ya narkar da shi ya tafi da launin. A watan Janairun 1928 Kogin Thames ya yi ambaliya ya shiga ɗakunan ƙasa na gidan zane-zanen Tate a Landan, ya jiƙa ɗimbin zanen takarda na J.M.W. Turner da ke ajiye a can. Saboda wannan rauni ne zanen fentin ruwa, babba ko ƙarami, ba ya zama a bango sai da gilashi.

Dattijuwar da ta fara tana da shekara 72

Duk mai neman hujjar cewa guntun takarda mai launi na iya kai mutum nesa, ya dubi Mary Delany, 'yar Ingila da aka haifa a 1700. An aurar da ita tana da shekara 17 ga wani dattijo da ya kusa sittin. Bayan rasuwarsa ta daɗe ba ta sake aure ba, sai a 1743 ta auri Patrick Delany, malamin coci a ƙasar Ireland, wanda shi ma ya rasu a 1768. Daga nan ta riƙa yin dogon zama a gidan ƙawarta, matar sarautar Portland, a Bulstrode, gidan da ke cike da tsirran da aka kawo daga sassan duniya.

A can ne, a 1772, kamar yadda masu tarihinta suka rawaito, ta lura cewa wani guntun jan takarda da ke kan teburinta launinsa ɗaya da wani jan fure da ke kusa. Ta ɗauki almakashi ta yanko siffar furen, ta liƙa a kan baƙar takarda. Da ƙawarta ta gani, ta zaci furen gaske ne. Abin da ya fara kamar wasa ya cinye mata shekara goma. Takan rina takarda da fentin ruwa da hannunta, wata kuma ta samo ta a rine, ta yanka ta ƙanana, ta jera su bisa juna har inuwa da jijiyar ganye su fito. Wani fure guda yakan ci ɗaruruwan guntaye. Masanin tsirrai Joseph Banks, wanda ya zagaya duniya da Kyaftin Cook, ya yaba da daidaiton aikinta, kuma an riƙa aiko mata da tsirrai daga lambun sarauta na Kew domin ta kwaikwaya.

Ta yi niyyar cika dubu, amma idonta ya gaza tana da 985. A 1785 Sarki George na Uku ya ba ta gida a Windsor da fanshon fam 300 a shekara, ta rasu a 1788. Aikin nata yana Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan har yau. Gemu ba ya hana ilimi, in ji Hausawa, kuma ga alama furfura ma ba ta hana riƙe almakashi.

Abin da manya suka bari a ƙasan tebur

Turner, wanda ambaliya ta taɓa aikinsa, ya rasu a 1851. A 1856 kotu ta miƙa wa ƙasar Birtaniya duk abin da aka samu a ɗakin aikinsa: zanen mai kusan 300, da zanen takarda kimanin 30,000. A cikinsu akwai ɗaruruwan takardu da ba a kammala ba, shafin launi kawai, rawaya a sama, toka-toka a ƙasa, babu gida babu jirgi. Bai taɓa nuna su ga jama'a ba, domin gwaji ne yake yi wa kansa. A yau ana sa su a firem a gidan Tate, masu kallo su tsaya a gabansu kamar yadda suke tsayawa a gaban kammalallun ayyukansa.

Henri Matisse na Faransa kuwa lalura ce ta kai shi ga almakashi. A 1941 an yi masa babbar tiyata a ciki, wadda ta bar shi yana yini a gado ko a keken marasa lafiya, tsayuwa a gaban allon zane ta yi masa wuya. Sai ya sa mataimakansa su riƙa shafe manyan takardu da wani ɗan uwan fentin ruwa mai kauri, shi kuma ya yanka siffofi, ya nuna musu inda za su kafa kowace da allura a bango. Abin lura shi ne bai yar da abin da ya faɗo daga bakin almakashi ba. Sau da yawa gurbin da ganye ya bari a takarda yakan shiga zanen tare da ganyen kansa. Ta wannan hanya ya yi littafinsa Jazz na 1947, da katafaren zanen dodon koɗi na 1953 da ke Tate, shekara guda kafin rasuwarsa. Da aka baje waɗannan ayyuka a Landan a 2014, fiye da mutum rabin miliyan ne suka je kallo.

A gida Najeriya ma akwai abin koyi. Masu zanen da suka fito daga Jami'ar Nsukka, irin su Obiora Udechukwu da Tayo Adenaike, sun yi fice da fentin ruwa, kuma aikinsu ya nuna yadda siririn layi guda a kan shafin launi ke isa ya ba shi ma'ana. Wannan darasi ne da mai aiki da guntaye zai buƙata kullum.

Yadda ake zaɓe da yanka

Kayan aikin kaɗan ne: almakashi mai kaifi, wuƙar yankan takarda ko sabuwar reza, rular ƙarfe, fensir, da wani kwali mai kauri da za a yi yanka a kai. Abu mafi amfani a cikinsu kuwa ba a sayen sa. A yanka kwali biyu masu siffar kusurwa, kamar harafin L, a haɗa su su zama 'yar taga da za a iya faɗaɗawa ko a tsuke.

Da wannan taga ake farauta. A shimfiɗa ɓataccen zanen a wuri mai haske, a riƙa jan tagar a kansa sannu a hankali, a juya takardar ta kowace fuska, har a kife samanta ƙasa. Ido yakan ƙi ganin kyawun wuri matuƙar yana ganin ɓarnar da ke kewaye da shi, aikin tagar shi ne ta ɓoye masa ɓarnar. Abin da ake nema shi ne wurin da duhu da haske suka haɗu, ko layi ya ratsa takarda kamar gaɓar kogi, ko launi biyu suka shiga juna. Gara kada abin da ya fi ɗaukar ido ya zauna a tsakiya cif, ya ɗan karkata gefe. In an samu, a yi alama da fensir, a bar ƙarin kamar rabin santimita a kowane gefe wanda kwalin firem zai rufe, sannan a yanka.

Guntun da bai isa ya tsaya shi kaɗai ba yana iya tsayawa cikin 'yan uwansa. Ana iya yanka murabba'ai tara masu girma ɗaya, a jera su uku-uku da tazara iri ɗaya, daga mai duhu zuwa mai haske. Ana iya tsaga dogaye a saƙa su kamar tabarma. Ana iya yaga takarda da hannu maimakon yanka, farin bakin da ya fito ya zama kan tudu ko kumfar ruwa, a jera su bisa juna su ba da tsaunuka masu nisa da na kusa. Mai ɗan iya riƙe alƙalami zai iya ƙara reshe ɗaya ko kwale-kwale ɗaya da baƙar tawadar da ba ta jin ruwa, ya tsaya nan. Yawan ƙari shi ne ya ɓata takardar tun farko.

Irin wannan zane yawanci launi ne da tsirrai da sarari, don haka yana shiga har gidajen da ba a rataye hoton mai rai.

Takardar da ta lanƙwashe kuwa, a ɗan shafa wa bayanta ruwa da tsumma mai tsabta, ban da fuskar, a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, a danne da manyan littattafai ta kwana.

Firem: inda ake yin ɓarna

Masu haɗa firem da yawa sun saba da hoton biki da takardar shaidar kammala karatu, waɗanda akan shafe bayansu da gam a manne a katako, ko a rufe su da leda a gasa. Ko ɗaya daga cikin biyun bai dace da fentin ruwa ba, kuma in an yi ba a warwarewa. Mai kai aiki ya faɗi abin da yake so dalla-dalla tun kafin a fara.

Na farko, kada gilashi ya taɓa zanen. Idan ɗaki ya yi sanyi bayan zafi, gumi kan taru a cikin gilashi, kuma an riga an ga abin da ɗigon ruwa ke yi wa ƙaro. Aikin farin kwalin da ake huda wa taga a kewaye zane ke nan, ya raba takarda da gilashi. Ga ƙaramin zane, faɗin kwalin ya kai santimita biyar zuwa takwas a kowane gefe, domin filin da ke kewaye shi ne ke jan ido zuwa tsakiya.

Na biyu, kwalin ya zama marar sinadarin asid. Kwalin katan da ake samu a shago yana ɗauke da asid daga itacen da aka yi shi, wanda bayan 'yan shekaru yake zana layi mai ruwan ƙasa a gefen zane, ya sa takardar ta yi gautsi. A nemi kwalin da aka rubuta cewa ba shi da asid. In bai samu ba, a shimfiɗa wani guntun takardar auduga mai tsabta tsakanin zanen da kwalin baya, wanda shi ma wani amfani ne na guntaye.

Na uku, ban da salatif. Danƙonsa yakan ratsa takarda ya bar tabo rawaya da ba ya fita. Masu adana zane a gidajen tarihi da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama suke aiki, domin ana iya cire su da ɗan danshi ba tare da illa ba. Suna liƙa zane ta gefen sama kawai, a wuri biyu, ya rataya kamar labule. Dalili kuwa takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu, in an ɗaure ta ta gefe huɗu sai ta kumbura a tsakiya.

Na huɗu, a toshe bayan firem da takarda mai danƙo domin ƙura da kyankyaso kada su shiga, a manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa domin iska ta riƙa ratsawa tsakanin firem da bango.

Rana, damina da hunturu

Babban maƙiyin fentin ruwa shi ne haske, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Tun a 1888 wasu masana biyu, William Russell da William Abney, suka miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoton gwajin da suka yi, wanda ya nuna cewa launuka da yawa suna koɗewa a haske, kuma danshi da iska na taimaka wa koɗewar. Gidajen tarihi a yau kan nuna irin wannan zane a hasken da bai wuce luks 50 ba, alhali hasken ofis na yau da kullum ya ninka haka sau shida zuwa goma, balle ranar da ke faɗowa ta taga.

Wani mai tara zane, Henry Vaughan, wanda ya rasu a 1899, ya bar wa gidan zane-zanen Edinburgh zanen Turner 38, na Dublin kuma 31, bisa sharaɗin a riƙa nuna su kyauta a watan Janairu kaɗai, lokacin da rana ta fi rauni a can, sauran watanni a mayar da su cikin duhu. Har yanzu ana bin wannan sharaɗi, kuma launukan sun ci gaba da zama da ƙarfinsu.

Ba wanda zai ce ma'aikaci ya kulle zanensa wata goma sha ɗaya, amma darasin a fili yake. A rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye. Kafin a ɓata kuɗin firem kuma a gwada fentin, musamman mai arha na 'yan makaranta, wanda sau da yawa rini ne mai saurin gudu. A raba guntu ɗaya biyu, a manna rabi a jikin taga, a sa rabi a aljihun tebur, bayan wata biyu a haɗa su. In bambancin ya fito, wannan launi na katin gaisuwa ne, bai cancanci gilashi ba. Ja mai ruwan hoda da wasu nau'o'in shunayya sun fi saurin koɗewa, launukan ƙasa irin su jar ƙasa da rawayar ƙasa kuwa suna daɗewa.

Yanayin Abuja yana kawo nasa gwajin. Idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100, fumfuna kan kama takarda, ta bar ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, kuma a tsakiyar damina laimar birnin kan haura haka. A nisanta zane daga bangon da ruwan sama ke duka ta waje, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, da kicin da banɗaki. Da hunturu kuma ƙura ce abin tsoro. In za a goge gilashi, a fesa ruwan a tsumma, kada a fesa a gilashin, domin yakan gangara ya shiga ta ƙasan firem.

Abin da doka ta ce wa ma'aikaci

Wanda hannunsa ya faɗa da wannan aiki, ba da daɗewa ba wani zai tambaye shi nawa yake sayarwa. A nan ma'aikacin gwamnati ya yi hattara. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana mai cikakken aikin gwamnati gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Yin zane domin nishaɗi, ko domin ƙawata gida da ofis, ba laifi ba ne. Buɗe shago ko shafin talla kuwa wata magana ce daban, wadda ya kamata a nemi bayani a kanta daga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kafin a fara.

Haka batun kyauta. Ƙa'idojin sun hana jami'i karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a ofis, sun kuma ɗauki kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati a matsayin wadda ta saɓa doka har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da suka yarda da shi shi ne kyautar 'yan uwa da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Ƙanƙantar firem ba ta fitar da shi daga wannan hukunci ba. Sannan tsofaffin takardun ofis ba kayan cika bayan firem ba ne, komai tsufansu.

Akwai kuma haƙƙin mai zane. Guntayen mutum nasa ne, ya yi yadda ya so da su. Amma wanda ya karɓo na wani, ɗalibi ne ko ƙwararre, ya nemi izininsa kafin ya yanka, kada kuma ya sa hannu a kan launin da ba shi ya shafa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai aikin fasaha ikon a ambaci sunansa, da ikon ƙin amincewa da a yanka ko a sauya aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Sayen takarda ba ya nufin sayen wannan haƙƙi.

Takunkumin sana'a dai yana ƙarewa ranar da aka ajiye aiki, bayan shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki. Wanda ya fara koyo tun yana ofis, yana yi wa iyali da abokai a ƙarshen mako, zai fita da abin yi a hannunsa, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ko da a lokacin ne zai fara, yana da ratar shekara goma sha biyu a kan Mary Delany.

Saura abu ɗaya kafin a rufe bayan firem. A ɗauki fensir, ba biro ba, domin tawadar biro kan ratso gaba, a rubuta a bayan zanen sunan wanda ya shafa launin, da wanda ya yanka in mutum biyu ne, da kwanan wata da gari, da irin takardar da aka yi amfani da ita. Delany ta riƙa rubuta rana da wurin da ta yi furanninta a bayansu, shi ya sa masu bincike a yau suke iya bin sawun aikinta wata bayan wata. Idan 'yar makaranta ce ta shafa launin, a ƙara da shekarunta.